Kwalba a Cikin Safa

Kwalabe uku ne a tsakiyar tebur, kowace an zura ta cikin tsohuwar safar Firmin Cayrou, ta tsakiyar ma da huji a dunduniya. Haka muke yi a ƙauyukan Cahors na ƙasar Faransa ranar Lahadi da rana: a rufe wa kwalba fuska, a bar harshe ya faɗi asalin jar giyar da ke ciki. Firmin bai taɓa jin kunya a wannan wasa ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan.

Sai dai ranar ba wasa Albane ta shirya ba. Ita ce 'yarsa tilo. Ta yi shekaru tana aikin giyar inabi a Mendoza ta ƙasar Ajantina, ta dawo don ta karɓi gonar gidansu. Tun ranar da ta sauka ɗakin ƙasa inda suke ajiyar giya take maimaita masa magana ɗaya: wata ƙwayar cuta ta shige cikin katakon gangunan da ya gada wurin mahaifinsa, wanki ba ya fid da ita, ita ce ke sa wa giyarsu warin barga, shi ya sa masu saye suke ta ja da baya. Shi kuma ya kafe cewa wannan ba wari ba ne, ƙamshin ƙasar Cayrou ne. Da ta gaji, ta ce ko a fid da gangunan kafin kaka, ko ta koma Mendoza inda aikinta yake jiranta.

Mahaifiyarta Odile ta dire tukunyar wake da naman agwagwa, ta ce, "Ku ci abinci tukuna. Faɗa ba ya hucewa, wake kuwa yana hucewa."

Firmin bai ko dubi tukunyar ba. Ya miƙa tambulan, Albane ta zuba masa daga kwalbar farko. Ya juya, ya shaƙa, ya kurɓa.

"Wannan ai ta mutanenki ce," in ji shi. "Inabinmu ne ya je ci-rani ya yi ƙiba. Rana ta dafa shi, ga zaƙin busasshen ɓaure, ga laushi kamar matashin kai. Ba bauri, ba ƙashi. Giyar wanda ba ya son a yi masa gardama."

"Mendoza ce," Albane ta amsa, ta zare safar.

Ta biyu ma bai daɗe a kanta ba. "Rioja. Sifaniyawa da son katako! Ki ji ƙamshin kwakwa da kanumfari, sai ka ce mutum yana lasar kabad ɗin kakarsa. Amma tana da tsami mai kyau, ba zan ci amanarta ba."

"Ka ji shi," Odile ta ce. "Ranar aurenmu ba ya tunawa, amma ya san kabad ɗin Sifaniyawa."

Albane ba ta yi dariya ba. Abin da ke ƙona mata rai ke nan: mutumin da ke gane katakon wata ƙasa da kurɓi ɗaya ya kasa jin abin da ke ƙarƙashin hancinsa. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ko da yake ba wanda zai iya faɗa wa Firmin haka a teburinsa.

Ta zuba ta uku. Baƙa ce wuluk, har tana rina gefen tambulan. Firmin ya shaƙa, ya kurɓa. Ya gutsuri burodi ya goge bakinsa, ya sake kurɓa.

"Wannan giyar yarinya ce, ba ta daɗe da barin gona ba. Tana da bauri mai kama dasashi, irin wanda nake so. Ƙasa mai farin dutse ce, da sanyin dare. Wanda ya yi ta ya san aikinsa." Ya ɗaga kai. "Amma ba ta da gida. Ban san ta ba. Ta ina ce? Chile?"

"Ka ƙara ɗanɗanawa, Baba."

"Ke, ina shan giya tun ba a haife ki ba. Na ce baƙuwa ce."

Albane ta zare safar. Kwalbar ba ta da tambari.

"Inabin bayan coci ne, Baba. Layukan da ka ba ni bara don in daina damunka. A tankin ƙarfe na maƙwabta na yi ta, ba ta taɓa ganin gangunanka ba. Wannan ita ce ƙasar Cayrou. Wancan da kake kira ƙamshin ƙasa, ruɓaɓɓen katako ne kawai."

Albane ta daɗe tana jiran wannan rana, ta kuma ɗauka gani zai kori ji. Firmin ya dubi kwalbar, ya dubi 'yarsa. Shi ya dasa waɗannan layuka da hannunsa. Ya ture kujera, suka ji takunsa yana sauka ɗakin ƙasa.

"Kin ci nasara," Odile ta ce a hankali, tana zuba wake. "Allah ya sa ki ji daɗinta."

Ya dawo da ƙaramar butar ƙasa cike da giyar tsohuwar ganga. Tun daga ƙofa warin ya riga shi isowa, warin sirdi da gumin doki. Ya zauna, ya kai butar hancinsa, ya lumshe ido.

"Kakanki yini yake yi yana huɗa da doki a gonar nan," in ji shi. "In ya shigo ya ɗauke ni, haka rigarsa take. Ke kin ce wari ne. To, na ji, wari ne. In kika fasa gangunan, a ina zan ƙara jin sa?"

Albane ta dube shi. Ta tanadi amsar kowace gardama, ta masu saye, ta ƙwayar katako, ta makomar gona. Wannan ce kaɗai ba ta tanada ba.

Firmin ya jawo tambulan ɗin da ke da giyarta, ya karkata butar, ya tsiyaya kaɗan a ciki. Ya juya, ya kurɓa, fuskarsa ta saki.

"Yawwa," ya ce. "Yanzu ta san gida."

Odile ta tattara safunan, ta ninke su a cinyarta. Can ta dubi 'yarta.

"Agwagwar nan da nake dafawa in adana a kwalba," ta ce, "suna bari a shiga jirgin Mendoza da ita?"