Auta Biyu a Gida Ɗaya

Sau uku Malama tana cusa magen a kwali, sau uku magen tana tsallen fitowa. A na huɗu Malama ta danne murfin da gwiwa, ta naɗe shi da igiyar shanya, ta huda ramukan shan iska da almakashi. Sai a lokacin ta ga bayan hannunta, inda farce ya ja mata layi biyu har da jini. Daga cikin kwalin magen ta saki wani siririn kuka, irin wanda take yi in an manta an rufe ta a banɗaki.

"Yi shiru mana, kar ki tashe ta," in ji Malama ƙasa-ƙasa.

A ɗaki na biyu Mama tana barci a jingine da matasai uku, domin wata guda ke nan ba ta iya kwanciya a miƙe. Numfashinta yana fita da ƙara kamar buta ta fara tafasa. Jiya a asibiti likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ga haske, ya tambaya ko akwai dabba a gidan. Da Malama ta ce akwai mage, kuma a kan gadon ma take kwana, sai ya cire tabarau ya dube ta.

"Sau biyu kuna kawo ta a wata ɗaya. Na ukun ba zan yi miki alkawari ba. Ko magen, ko huhun mahaifiyarki."

Yaya, babban wansu, ya yanke hukunci ta waya cikin minti ɗaya. "Mage fa! Ki kai wa Kawu ita kasuwa, dama ɓeraye sun ishe shi. Meye abin shawara a nan?" Shi Yaya komai mai sauƙi ne, tunda sau biyu yake leƙowa a shekara, da ledar lemo da tarin umarni.

Abin da Yaya bai sani ba yana da yawa. Malama ita ce ta bakwai kuma ta ƙarshe a wurin Mama, kuma tun tana goye ba wanda ya taɓa kiranta da wani suna a gidan sai Auta. Shekara uku da suka wuce mantuwa ta fara kama Mama. Da makulli ta fara, sai zuba gishiri sau biyu, sai sunayen mutane. A damunar shekarar wata 'yar mage ta faɗo ta tagar kicin, a jiƙe sharkaf. Mama ta ɗauke ta, ta goge ta da gefen zane, ta ce, "Auta, ina kika shiga ruwa haka?" Kowa ya yi dariya, har da Malama. Ashe sunan ne ya tashi daga kanta ya koma kan mage, bai kuma dawo ba. Ita kuwa ta zama Nas, saboda ita ke miƙa ƙwayoyin magani safe da yamma.

Magen ta mallake gidan kamar ita ta gina shi. Ta kwanta a kan littattafan da Malama ta kawo dubawa daga makaranta, ta ture jan biro ƙarƙashin kujera, ta bar gashi a kan baƙin mayafi, ta ƙi ruwan kwano sai na bakin famfo. Wata safiya ta ajiye wutsiyar ƙadangare a cikin takalmin Malama, ta zauna gefe tana jiran godiya. Malama ce mai kwashe kashinta, mai buɗe mata kifin gwangwani, amma da Mama ta ce "Auta", sai magen ta wuce ta da wutsiya a sama ta haye cinya. Abin kunya ne mace mai shekara arba'in da ɗaya, mai riƙe da aji guda, ta ji haushin dabba. Amma tana ji, kuma jiya da likita ya yi maganarsa, wani lungu na zuciyarta ya yi sanyi. Wannan ne ya fi komai damunta.

Ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciya ta zauna da Mama, ta rungumi kwalin ta fita.

A bas kwalin ya riƙa motsi a cinyarta. Kwandasta ya leƙo ta ramin, ya ja da baya. "Hajiya, wannan fasinjar taki tana da ido! Allah Ya sa ba ta amai a mota." Wata tsohuwa ta matsa da buhunta, ta ce ita ba ta haɗa kujera da mage. A daidai shataletale magen ta daina kuka, ta turo hannu ɗaya ta ramin, ta ɗora a kan yatsan Malama. Babu farce a ciki. Malama ta juya fuska wajen taga har suka isa.

Shagon Kawu, ƙanin Mama, yana can ƙarshen layin masu hatsi, buhuna har rufi, ƙasa duk ɓarɓashin da ɓeraye suka bari. Ya kwance igiyar da kansa. Magen ta fito a hankali, ciki a ƙasa, ta shinshina sikeli, sannan ta shige bayan buhuna.

"Kai, wannan ai 'yar hutu ce," in ji Kawu. "Ta taɓa ganin ɓera kuwa, ko shi zai kore ta?"

"Za ta koya, Kawu. Ba ta shan ruwan kwano. In da hali a bar mata famfo yana ɗiga."

"Ikon Allah! To me ake ce mata?"

Malama ta ce, "Ba ta da suna."

Kawu ya dube ta ta saman tabarau. "Ya jikin Maman taku? Tana gane ki kuwa?"

"Da sauƙi," ta ce. Ta ɗauki kwalin da babu komai a ciki, sai da ta kai bakin titi ta ga ba ta san abin da za ta yi da shi ba, ta jingine shi a jikin wani kango.

Hadari ya haɗo kafin ta iso gida. Maƙwabciya ta tare ta a ƙofa tana gyara goyo. "Tun da ta farka take cigiya. Ko shayin ta ƙi sha. Ni dai ban ce mata komai ba."

Mama tana zaune a bakin gado, ƙafafunta a ƙasa, idonta a kan ƙofa.

"Nas, ba ki ga Auta ba?"

Malama ta shirya amsa tun a mota. "Ta ɗan fita, Mama. Sha shayinki."

"Ta fita? Da wannan hadarin?" Mama ta ja numfashi da ƙyar. "Tsoron tsawa take yi. Tun ranar da aka manta da ita a aji, aka kulle, ruwa ya sauko tana ciki ita kaɗai. Ni na je da mai gadi muka buɗe. Tana ƙarƙashin benci, ta toshe kunne."

Malama ta ajiye kofin shayin. Ita ce aka manta a ajin, tana aji biyu a lokacin. Har yau in aka yi tsawa tana tsakiyar darasi, sai ta dafa allo.

"Kuma ba ta ɗauki rigar sanyi ba," Mama ta ci gaba. "Ita ba ta faɗin abin da ke damunta, sai dai ki ga ta yi shiru. Duk cikinsu ita ce ba ta taɓa barina ba." Ta cusa hannu ƙarƙashin matashi, ta zaro gefen biredi a naɗe cikin hankici. "Ga shi na ajiye mata. Gefen take so, mai ƙonewar nan."

Shekara uku Malama tana tsintar irin wannan in ta zo canza zanin gado, tana zubarwa tana tsaki, tana cewa yaushe mage ta ci biredi. Ko sau ɗaya ba ta tuna cewa ita ce mai faɗa da yayyenta a kan gefen biredi tana ƙarama ba. Ta yi tunanin komawa kasuwa yanzu-yanzu, ko cikin ruwan ne. Sai ta saurari ƙirjin Mama yana fito, ta san ba za ta koma ba.

Ta durƙusa a gabanta. "Mama, ga ni. Ni ce Auta."

Mama ta dube ta da kyau, da tausayi ma, yadda ake duban baƙuwar da ta yi ɓatan kai. "Allah Ya yi miki albarka, Nas, kina ƙoƙari. Ki bar ƙofar a buɗe, kar ta zo ta tarar a rufe."

Malama ta tashi ta buɗe ƙofar, ta tokare ta da takalmi. Iska ta shigo da ƙanshin ruwa. Ta dawo ta zauna a ƙasa, ta kwantar da kanta a cinyar Mama, inda zanin ya yi laushi saboda kwanciyar mage. Can sai hannun Mama ya sauko da kansa, ya fara sosa mata bayan kunne, idonta kuwa bai bar ƙofa ba. Aka yi tsawa ta farko. Malama ta ɗauki gefen biredin, ya bushe ƙamas, ta gatsa.

"Kar ki cinye, Nas," in ji Mama. "Ki rage mata."