Hannun Malam Kuwabara

Shekara arba'in da ɗaya Malam Kuwabara Seizo ya yi yana koya wa yaran garin Kamiura rubutu da alƙalamin gashi, a ɗakin saman gidansa, inda mahaifinsa ya taɓa jibge buhunan shinkafa. Duk ranar Asabar da hantsi yara za su tuɓe takalma a bakin ƙofa, su hau matakala, su durƙusa gaban ƙananan tebura, kowa ya ɗiga ruwa a dutsensa ya niƙa tawada. Ƙananan yana koya musu rubutun tsaye, wanda ake ɗaga alƙalami bayan kowane zane. Wanda ya kai shekara goma kuma hannunsa ya zauna, sai ya shigar da shi rubutun gudu, inda alƙalami ba ya rabuwa da takarda: harafi ya gangaro ya kama na ƙarƙashinsa da wani siririn zaren tawada, shi ma ya kama na ƙasansa, har gindin takarda. A wannan zaren ake gane mai hannu da mai shirme.

Malam ba mutum ne mai yawan bayani ba. Kowane yaro yakan rubuta masa takardar koyi da jar tawada, ya ajiye masa a hagu. Dokarsa ɗaya ce, kuma har iyayen yaran sun haddace ta, don su ma a ɗakin suka durƙusa: abin da idonka ya gani shi za ka rubuta, ba ƙari ba ragi, ba ka da ra'ayi sai ka shekara ashirin kana kwafa. In yaro ya kasa, sai Malam ya durƙusa a bayansa, ya ɗora hannunsa a kan na yaron, su ja alƙalamin tare. Haka aka koya masa, haka aka koya wa wanda ya koya masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Lokacin dashen shinkafa hannunsa na dama ya fara rawa. A tsinken cin abinci ya fara lura. Matarsa Fumie ta koma zuba masa miya rabin kwano don kada ta zube, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Likitan birni ya ce shekaru ne, ya ba shi ƙwayoyin da ke kwantar da abin da safe, kafin azahar ya dawo. Sai Malam ya koma rubuta takardun koyi da sanyin safiya. Yakan ɓata goma sha biyar kafin ya sami ɗaya da zai iya nunawa. A manyan zane, inda ake danna alƙalami, rawar ba ta fitowa. A zaren ne, inda bakin gashi kawai ke shafar takarda, ake samun ɗan lanƙwasa sau uku, kamar sawun tsutsa a kan rairayi. Idonsa ma ya yi rauni, ya ɗauka tun da shi da ƙyar yake gani, babu mai gani. Makaho bai san ana kallonsa ba sai an taɓa sandarsa.

Cikin yara biyar da ke rubutun gudu akwai Amemiya Chizuru, 'yar shekara goma sha ɗaya, uwarta tana aiki a masana'antar busar da kifi a bakin teku. Yarinya ce marar surutu, mai ido kamar na shaho. In aka ajiye mata takardar koyi, sai ta daɗe tana kallonta kafin ta taɓa alƙalami, sannan ta tafi da ita gida ta yi ta kwafa a bayan tsofaffin jaridu har su ƙare. A shekara arba'in da ɗaya Malam bai taɓa samun kamarta ba. Bai faɗa wa kowa ba, ko Fumie, amma a ransa ya riga ya yanke cewa wannan yarinya ce za ta ɗauki hannunsa ta wuce da shi in ya kwanta dama.

Ƙarshen shekara aka aika rubutun yaran babban birnin lardi, wurin ƙungiyar marubuta da ke ba da matakin daraja. An saba sakamako ya zo a ambulan. Wannan karon sai ga Horiuchi da kansa, ɗaya daga cikin masu dubawa, abokin Malam tun suna yara a gaban malami ɗaya. Ya yi tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa, ya shigo yana kakkaɓe ƙanƙara daga hularsa yana zagin sanyin Kamiura, ya ce garin da ko kifi sai an shanya shi kafin ya yarda ya zauna. Fumie ta kawo shayi da gasasshiyar wainar shinkafa. Suka taɓa hirar waɗanda suka mutu bana da waɗanda ya kamata a ce sun mutu amma sun ƙi. Malam ya ce masa har yanzu rubutunsa kamar kaza ta taka tawada, Horiuchi ya ce ai kazar ce ke duba na ɗaliban Malam yanzu. Sai da Fumie ta sauka ƙasa, sannan Horiuchi ya kwance ƙunshinsa ya jera takardu biyar a kan tabarma.

Ya ce, "Seizo, sa tabarau. Ba wannan ba, na karatun."

Malam ya sa. Horiuchi ya bi takardun da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa a wuri guda, tsakanin harafi na biyu da na uku. A kowace takarda zaren ya lanƙwasa. A huɗu daga ciki abin ya fito a hargitse, wani sau biyu, wani sau huɗu. A ta Chizuru kuwa sau uku cif, da tsabta, a kowane zare daga sama har ƙasa.

Horiuchi ya ce masu dubawa sun yi ta gardama. Wani ya ce sanyi ne ya kama yaran ranar. Wani matashi ya ce wataƙila sabon salo ne na mutanen bakin teku, har aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Yara biyar ba sa jin sanyi a harafi ɗaya. Miƙo hannunka in gani."

Malam ya ce shayinsa zai huce.

"Miƙo hannunka, tsohon banza. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Azahar ta wuce, ƙwayar safe ta sake shi. Ya miƙa. Suka zauna su biyu suna kallon hannun yana kaɗawa a iska kamar ba na kowa ba. Horiuchi ya kawar da kai ya dubi taga. Can ya ce huɗun nan za su warke, domin ba su iya kwafa ba, rashin iyawarsu ce ta cece su. Yarinyar ce abin ji. Ya ce shekararsa talatin yana duba rubutun yara, bai ga mai ido irin nata ba, kuma ba ta ci jarrabawar ba. Malam ya tambaye shi ko zai karɓe ta. Horiuchi ya ce da gudu, in za ta iya zuwa. Amma dukansu sun san awa biyu ne zuwa, awa biyu dawowa, uwar tana aiki ranar Asabar, kuma a Kamiura da ƙauyukan kewaye babu wani mai koyar da rubutun gudu. Na ƙarshe ya rufe ɗakinsa shekara shida da suka wuce.

Bayan tafiyar Horiuchi Malam ya buɗe akwatin katako da ke bayan ɗaki, ya fito da takardun koyin da ya rubuta shekara ashirin baya, lokacin da zarensa ke sauka miƙe kamar igiyar guga. Ya zaɓi mafi kyau. Fumie ta tarar da shi a tsakiyarsu, ta kira shi da sunan 'yarsu yadda ta saba, ta ce, "Baban Noriko, abinci," ta tsaya kaɗan, ta tattara kofunan shayi ta fita.

Ranar Asabar ya sallami sauran yara da wuri, ya ce Chizuru ta tsaya. Ya ajiye mata tsohuwar takardar a hagu ya ce ta kwafa. Ta daɗe tana kallo, yadda ta saba. Ta tsoma alƙalami, ta sauko da harafin farko lafiya lau. Da ta zo zaren, hannunta ya yi rawa sau uku, ya wuce. Ya ce ta dubi takardar da kyau ta sake. Ta duba, ta sake, abin ya dawo. A karo na huɗu ita da kanta ta gani, ta tsaya da alƙalami a sama, ta dubi takardar koyi, ta dubi tata.

Ya tambaye ta yadda aka yi ta koyi wannan lanƙwasa. Ta ce ai ita ce ta fi ba ta wuya. Tun damina take fama da ita, sai da ta gane cewa in ta ɗauke numfashi ta ƙanƙame tsintsiyar hannu, abin yakan fito daidai da na Malam. Ta ce kuma in ya riƙe hannunta tana jin yadda yake yi, shi ne ta bi. Tana faɗa tana ɗan murmushi, don a zatonta yabo ne ke tafe.

Malam ya gyara durƙuso. Mutumin da bai taɓa ba ɗalibi haƙuri ba, ya dafa tabarma da hannu biyu ya sunkuyar da kai gaban 'yar shekara goma sha ɗaya. Yarinyar ta firgita, ita ma ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa dutsen tawada.

Ya ce, "Ba rubutu ba ne, Chizuru. Ciwo ne. Hannuna ne ya lalace, na ɓoye, kika kwafe. Ba ki yi laifin komai ba. Abin da na ce ki yi shi kika yi."

Murhun kananzir yana ta huci a gefe. Can ta ɗago ta tambaya ko shi ya sa ba ta ci jarrabawar ba, ya ce shi ya sa. Ta tambaya ko abin zai fita. Ya buɗe baki zai ce zai fita, sai ya tuna ƙarya ce ta kawo su nan, ya ce bai sani ba. Ya ga waɗanda suka rabu da mugun sabo a wata shida, ya ga waɗanda suka tsufa da shi. Abin da ya shiga hannu ba ya jin magana, hannu ne ke fitar da shi. Wani mai lafiyayyen hannu ne zai riƙe nata, ya ja ta sau ɗari, sau dubu, har jikinta ya manta.

Sai ta juya alƙalamin, ta riƙe shi da hannu biyu ta miƙo masa, yadda ake miƙa wa babba abu.

"To Malam, a riƙe min. Sau ɗaya kawai, in ji yadda na daidai yake."

Ya dubi alƙalamin. Ya san in ya ɗora hannunsa a kan nata, abin da zai zuba mata shi ne abin da yake so ya cire. Ya tura hannunsa na dama ƙarƙashin cinyarsa ya danne shi da nauyin jikinsa. Ya ce ba zai riƙe ba. Zai faɗa mata da baki.

Nan fa ya gane bai san yadda ake faɗa ba. Shekara arba'in da ɗaya hannu ke magana, bakin bai koyi komai ba. Ya ce ta saki numfashi. Ta saki, zaren ya yi rawa. Ya ce ta ja daga kafaɗa, kada ta ja daga tsintsiyar hannu. Ta ja, ya yi rawa. Ya ce ta yi sauri, ta yi sauri, lanƙwasar ta matse wuri ɗaya amma tana nan, uku. Ya ce ta rufe ido. Ta rufe, hannun ya bi hanyar da ya sani. Ya ce ta tuna ruwa yana sauka daga indararo, ta ce to, ta tuna, babu abin da ya canja. Takardu suka taru a gefenta har tawadar dutsen ta ƙafe, ta ɗiga ruwa ta niƙa wata, ba ta yi kuka ba, ba ta yi ƙorafi ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

Wajen la'asar uwarta ta iso da ƙaramar motarta, tana warin kifi da gishiri. Daga ƙasan matakala ta ɗaga murya tana gaishe da Malam, tana ba da haƙurin yarinya ta daɗe ta hana shi hutawa, tana tambaya ko sakamakon birni ya zo. Fumie ta tare ta da hira a ƙofa.

Chizuru ta shimfiɗa sabuwar takarda, ta danne saman takardar da ɗan ƙarfe don kada ta motsa, ta dubi Malam tana jiran abin da zai ce a gwada kuma. Ya laluba cikin kansa, babu sauran dabara. Ƙafarsa ta mutu a kan hannun, hannun kuma yana ta motsi a ƙarƙashinta.

Ya ce, "Sake."

Ta tsoma alƙalami.