Firiji a Tsakar Gida

Auta ya shigo da jakar kayan aiki a kafaɗa, sai ya ci karo da firijin Inna a tsakar gida, rana na dukansa, wayar wutar a naɗe a kansa. Kwanansa goma sha biyu a wajen aikin fenti. Shi ke yi wa Inna allurar ciwon sukari safe da yamma, da zai tafi ya bar wa matar Yaya, babban wansu.

Ya buɗe firijin. Zafi ya buso masa kamar bakin tanderu. Kwalaben allurar na nan a jere, ruwansu ya yi gudaji-gudaji.

"Wa ya fito da wannan?"

"Ni ne nan," in ji Yaya daga inuwa. "Ka girke wa tsohuwa na'ura a gefen gado tana tsotse mata jini. Wani masani ya yi bayani a waya. Firiji, talabijin, duk suna fitar da wani tururi da ido ba ya gani. Shi ke sa mata ciwon kai."

"Yaya, maganin nan sanyi yake so."

"To, likita! Da burushin fenti ka yi karatun? Ai yana cikin firijinsa, ba wanda ya canza masa wuri."

Inna na kwance a ɗaki, leɓɓanta sun bushe. Ta dubi Auta, ta kira shi da sunan marigayi mahaifinsu.

A asibiti aka ɗaura mata ruwa. Sai wajen la'asar ta dawo hayyacinta. Yaya na baranda yana gaya wa dangi cewa tururin ya riga ya shige ta kafin ya farga.

Inna ta kamo hannun Auta. "Tun ranar farko na ji allurar da ɗumi," ta ce a hankali. "Amma a gaban matarsa zan ƙaryata shi? Kada ka kunyata shi, ɗan nan. Shi ne babba."

Nas ta shigo tana jijjiga kwalba ɗaya. "Wane marar imanin ne ya dafa wa baiwar Allah magani? Saura ƙiris ku rasa ta. Wa ke kula da ita?"

Yaya ya tsaya a bakin labule. Inna ta matse yatsun Auta.

"Ni ne," in ji Auta.

Nas ta dube shi sama da ƙasa, ta ja tsaki. Yaya ya matso ya dafa kafaɗarsa.

"A yi masa haƙuri, Sista. Yaro ne."