Allurar da Ba Ta Nemi Izini Ba

"Ƙafar kujera za ka riƙe, Direba, ba tawa ba," in ji shi.

Muna tsakiyar matakalar bene, ni a ƙasa, 'yarsa a sama, shi kuma yana zaune a kujerar roba tsakaninmu. Cikinsa ya kumbura har maɓallan rigarsa sun ƙi haɗuwa, hannuwansa sun zama tsinke, fararen idanunsa sun koma ruwan ƙwai. Nauyinsa bai kai na tayar mota ba. Abin da ya wahalar da mu shi ne kwanar matakalar, da kuma uwarsa da ke biye da mu da sanda tana ba da umarni.

"Ku gaya musu ban da allura! Kin ji ko, Takwara? Ban da allura!"

"Na ji, Inna."

Ni kaɗai ke da mota a layinmu, wata tsohuwar tasi da ta gaji da haya kafin ni in gaji. Don haka haihuwa da mutuwa duk ta kujerar bayanta suke bi, na kuma daina ruɗewa tun da daɗewa. Na shimfiɗa masa bargo, muka kwantar da shi, na tayar da mota.

Sauro ake ce masa. A ɗakin gwaji na babban asibiti yake aiki, shi ke ɗibar jini, kuma wai kafin ka ji zafi ya riga ya sha ya tashi. Yara suka laƙaba masa sunan, manya suka karɓa, har likitoci. Bangonmu ɗaya da shi tun 'yarsa tana rarrafe, lokacin da matarsa ta rasu Inna ta dawo gidan ta karɓi reno. Yarinyar ta ci sunan Inna, shi ya sa kowa ke kiranta Takwara.

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana soka wa jama'a allura, shi ba a taɓa yi masa ko ɗaya ba. Abokan aikinsa sukan ce wanzami ba ya son jarfa, su yi dariya, shi ma ya taya su. Amma ba tsoro ba ne. Yana ƙarami shawara ta kama shi da wansa, irin ciwon nan da ke mai da ido rawaya. Aka yi wa wan allura a wani shagon magani, bai kai yamma ba. Tun daga ranar Inna ta yanke cewa jininsu ba ya shiri da allura, ta ce muddin tana numfashi ba ta yafe wani nata ya miƙa hannu ba. Shi kuma irin 'ya'yan nan ne da ba sa tsallake maganar uwa. Duk sanda asibiti ya kira ma'aikata rigakafin ciwon hanta, sai aiki ya yi wa Sauro yawa, ko ya ce gobe. Ciwon hantar da ke cinsa yanzu ma ba a gano shi ba sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki, abokansa suka ɗebi jininsa yana sume.

"Shawara biyu ce ta kama gidanmu," ya taɓa ce mini muna zaune a ƙofa. "Ta ido, da ta Inna."

A asibitin an karɓe shi kamar ɗan gida. Masu shara, masu tura gado, nas-nas, kowa ya leƙo ya ce, "Sauro, yaya jiki?" ya fita da sauri fiye da yadda ya shigo. Likita ya danna cikin nan da yatsu, ya ce za a iya zuƙe ruwan don ya samu numfashi. Sauro ya tambaya da me za a zuƙe, alhali ya fi kowa sani. Da aka faɗa masa, ya ce a ba shi ƙwayoyi kawai, zai koma gida.

A baranda na tarar da Takwara ta jingina da bango. Ta gama makarantar ungozoma, an ba ta aiki a ɗakin haihuwa na wannan asibitin, wurin da jini yake kamar ruwan wanki.

"Baba Direba, shugabar ɗakinmu ta ce in je a gwada ni a yi mini rigakafin kafin in fara taɓa kowa."

"To, ga ƙofar can. Shiga ki yi, ki sauke hannun riga. Wa zai gaya wa tsohuwa?"

"Ta ce ko ta sani ko ba ta sani ba, ba ta yafe ba."

"Ubanki fa?"

"Ya ce in jira, zai yi mata magana."

Na ce Allah ya kyauta. A raina kuwa na ce mutumin da ya kasa magana yana da ƙarfinsa, ba yanzu da numfashi ke yi masa gardama zai iya ba. Haushinsu duka ukun ya kama ni, na je na duba ruwan mota.

Muka mai da shi gida, muka sake yin kokawa da kwanar matakala. Daga nan kullum ta bango nake jin numfashinsa, kamar ana hura tayar keke da famfon da ya tsage. Ba ya iya kwanciya, sai a zaune da matasai a bayansa. Inna ta jiƙa wannan ta dafa wancan, ya karɓa ya kurɓa don kada ranta ya ɓaci. Takwara kuwa ta fara zuwa aiki. Tana saka safar hannu biyu biyu, in ji ta, tana kuma addu'a.

Wata rana da la'asar fankarsu ta tsaya, aka kira ni. Ina tsugune a bakin ƙofa na buɗe cikinta, sai ga Takwara ta dawo da filasta a yatsa. Uban ne ya fara gani.

"Mene ne wannan?"

"Kwalbar magani ce ta fashe, Baba. Ba allura ba ce, wallahi. Sabuwar kwalba."

Idonsa bai bar yatsan ba. Numfashin ya ƙara tsananta, har sai da ya dafa bango. Inna tana zaune a ƙasa kusa da ƙafafunsa da suka kumbura, tana kallonsa. Ta daɗe a haka. Sai ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Direba, tashi ka tayar da mota. Ka je ka ce su zo da allurar. Wannan ta ciwon hanta da ake ta damuna da ita. Na yafe, a yi masa."

Na tsaya da sukurdireba a hannu. Sauro ya so ya yi dariya, tari ya hana shi.

"Inna, sunanta ma ya faɗa miki. Rigakafi. Ni an riga ni."

"Ka ce dai su gwada."

"Ba ta da aiki a jikina yanzu." Ya huta, ya tara numfashi. "Kin hana a yi mini, na bi. Ban yi da-na-sani ba, uwata ce ke. Amma allurar da ta shige ni ba ta nemi izininki ba. Ta sha sukata a yatsa ina aiki, jinin wani a bakinta, in matse in wanke in ci gaba. Ban san wacce ce a cikinsu ba."

Inna ta kalli yatsan Takwara, ta kawar da kai.

"Rabona da kika yafe," ya ce, "ki ba takwararki."

"Ɗaya na bayar aka yi masa, ba a dawo mini da shi ba."

"Ni ba a yi mini ba. Ga ni."

Inna ta dafa sandarta ta miƙe, ta ce za ta duba tukunya, alhali ba a ɗora komai ba. Na haɗa fankar na kunna, ta juya, na kwashe kayana na fita.

Washegari abokansa suka zo gida suka zuƙe masa ruwan, tunda shi an yafe masa. Ya miƙa jiki, ya ce wa wanda ya riƙe allurar hannunsa ya yi nauyi, da shi ne da tuni an gama. Ranar ya samu barci a kwance. Duk sanda Inna ta shigo ɗakin sai ya bi ta da ido, ita kuma ta gyara masa matashi, ta tambaye shi ko zai sha ruwa. Maganar nan ba ta sake tasowa ba.

Wata rana da hantsi Sauro ya cika, ina wanke mota a ƙasa. Ba kuka na fara ji ba, famfon numfashin nan nasa na ji ya tsaya. Na kashe ruwa, na wanke hannu na hau. Bai ji amsar Inna ba, wannan kam na tabbata, don ita kanta ta faɗa wa masu gaisuwa cewa ya tafi yana kallon bakinta.

Bayan baƙi sun watse gida ya koma nasu, wata safiya aka ƙwanƙwasa mini ƙofa da sanda. Inna ce, ta sa mayafin fita, Takwara na bayanta da kayan aiki.

"Motarka tana da mai?"

"Akwai, Inna."

A asibitin ta ƙi zama a benci. Aka ɗebi jinin Takwara, muka jira, aka ce babu ciwon a jikinta. Nas ta fito da 'yar kwalba, ta ce wannan ta farko ce, akwai saura biyu nan gaba. Inna ta ture hannun nas ɗin, ta naɗe wa jikarta hannun riga da kanta, ta riƙe shi gam, sannan ta juya fuskarta ga bango. Shugabar ɗakin haihuwa ta ce Takwara ta je gida ta huta, ba don allurar ba, don tsohuwar.

Muka kama hanyar dawowa. Na ɗaga kai na duba madubi. Inna ta danne audugar da ke dantsen yarinyar da babban yatsanta, jinin ya daɗe da tsayawa amma ba ta ɗaga ba. Can sai ta miƙa ɗaya hannun, ta ja fatar idon Takwara ƙasa, ta juya fuskarta wajen hasken taga, ta duba farin. Ta saki. Kafin mu kai kwanar layinmu ta sake dubawa.