Tafiyar Lamba Bakwai

Shekara goma sha shida Malam Umara ya yi yana shugabancin tashar binciken namun daji da ke bakin kogin Komadugu, gabas da Diffa, inda ake ce masa Shef. Tasha dai suna ne kawai: ɗaki biyu, rumfa, tsamiya ɗaya, sai Ya Kaltum mai girki, wadda ta riga shi zuwa wurin. Aikinsa bin kunkurai. Ya shafa wa kowanne lamba da fenti a baya, yana rubuta inda ya gan su a wata rajista da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta.

Duk cikinsu babu abin alfaharinsa kamar Lamba Bakwai, wani ƙaton kunkuru mai fuskar wanda aka tasa daga barci. Sauran kunkurai in zafi ya yi sai su haƙa rami su shige. Shi kuwa gogan, kowace bazara Umara zai gan shi da safe a kan tudunsa, da la'asar kuma ya tarar da shi a gindin tsamiyar tasha, kilomita uku tsakani, yana cin ganye hankali kwance. A kan wannan bajinta Umara ya rubuta rahoto mai shafi tamanin, wanda zai karanta gaban manya a Yamai a watan gobe. Har babbar riga ya ba da ɗinki.

Bana sai aka aiko masa da wata ƴar na'ura mai nuna duk inda dabba ta bi. Ya manna ta a bayan Lamba Bakwai yana murna, don yanzu masu shakka za su kama bakinsu.

Ranar da kunkuru ya iso, Umara ya buɗe ordinata, wato kwamfuta. Taswira ta nuna gogan ya bar tudu ƙarfe goma, ya bi hanyar da mutane ke bi, ya tsaya a rijiya minti biyar, ya ratse gonar tattasai ta Laminu ya yi minti ashirin, sannan ya ƙaraso kafin azahar. Umara ya goge tabarau ya sake dubawa. Me kunkuru zai yi minti ashirin a gonar tattasai?

Ya hau moto sai gonar.

"Laminu, don Allah kunkuru ya wuce ta nan yau?"

"Ya wuce mana, Shef. Ai kowace shekara yana wucewa. Har mun gaisa."

"Da kunkurun?"

"A'a, da Ya Kaltum. Shi yana cikin daro a kanta."

Umara bai san yadda ya dawo tasha ba. Ya tarar da Ya Kaltum tana wanke daron nan, ko a jikinta.

"Ya Kaltum, ke ce kike ɗauko shi?"

"To wa zai ɗauko shi? Shekarar da ka zo, ka dawo daga tudu kana cewa zafi zai kashe shi, ka yi kwana uku ba ka taɓa tuwona ba. Na ɗauko maka shi, ka ci kwano biyu. Tun daga nan, da na ga ka fara juya loma, sai in ɗauki daro."

"Shekara goma sha shida! Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka tambaye ni? Kai kunkuru kake tambaya."

Kunya ta kama shi, da baƙin ciki na gaske, don shafi tamanin ɗin nan su ne ƙuruciyarsa. Amma bai fid da rai ba. Wataƙila kunkurun zai iya tafiyar da ƙafarsa, gata ne ya lalata shi. Ya mayar da shi tudu, ya kulle daron a ofis, ya zauna gaban ordinata. Kwana uku ɗigon da ke taswira bai gusa ba. Kwana uku Umara bai ci tuwo ba.

Rana ta huɗu zafi ya kai inda ya kai. Ya fito da daron, Ya Kaltum ta bi shi da gammo a hannu. Suka tarar da Lamba Bakwai a bakin hanya, ya miƙe wuya yana kallon wajen tasha. Umara yana karkata daron, gogan ya taka a natse ya shige, ya gyara zama.

Ya Kaltum ta ɗora wa Shef gammo, ta taya shi ɗauka.

"Ka tsaya a rijiya ka yayyafa masa ruwa," in ji ta. "Ya saba."

Da suka isa, wuya ya sage, Umara ya ɗauko rahoton nan ya sa a ƙasan akwati. Sannan ya buɗe rajista, ya daɗe riƙe da biro, ya rubuta: "Lamba Bakwai ya iso tasha ƙarfe ɗaya da rabi, a kan shugaban tasha."