Kunyar Baba Sodangi

"Baba, ɗan ɗaga rigar nan in duba mararka," in ji Sabitu.

Baba Sodangi ya ƙara jan rigar ya rufe gwiwoyinsa. Gumi na keto masa, ga ƙwaryar amai a gefen tabarma.

"Mi za ka gani? Ni na yanka ragon sunanka, Sabitu. Yau kuma in tuɓe gabanka? Ba ni ƙwayar magani ka tashi."

Sabitu ya ji kamar ya kurma ihu. Hutu ya zo Kurfi daga makarantar likitoci ta Badun, inda kullum ake nanata musu cewa likita da hannu yake gani. A can da malami ya ce a kware zane, sai majinyaci ya miƙe, ɗalibai su yi ta lalube. Amma duk ilimin malaman nan, ba wanda ya koya masa yadda ake yi da tsohon da katanga ɗaya ta raba gidajensu.

Zaton Sabitu ƙaba ce ta shaƙe wa tsohon hanji. In haka ne, sai an yi masa aiki a asibitin Katsina zai rayu, kuma ga motar da ta taso daga Dutsin-Ma can tasha tana lodi, in ta tashi babu wata sai bayan kwana biyu.

"To mu tafi Katsina, wani ya duba ka."

Iya Rekiya, matar tsohon, ta leƙo daga bakin ƙofa. "Kai ka gani da idonka aikin wuƙa ne?"

Da ya ce e, da an tafi. To amma an hore shi kada ya faɗi abin da bai tabbatar ba.

"Ban gani ba, Iya. Zato nike."

"A kan zato za a kai mani miji a farke shi? Allah shi kyauta."

Yana cikin roƙo suka ji motar ta tashi. Washegari da azahar Baba Sodangi ya cika.

Liman ya ce Sabitu ya kama masa wanka, tunda shi ya saba da gawa. Ya naɗe tsumma a hannu, ya zura ƙarƙashin zanen, liman na zuba ruwa. A matsematsin dama yatsunsa suka ci karo da ƙululu mai tauri kamar ƙwan agwagwa, daidai inda malaminsu ke nuna musu ƙaba ke fitowa.

"Ci gaba, Likita," in ji liman a hankali. "Mutane na jira waje."

Hannun Sabitu bai motsa ba. Ruwan ya ci gaba da gangarawa ta ƙarƙashin asabari zuwa tsakar gida.