Kaska a Wuyan Darakta

Ranar Litinin da safe na ga kaska a wuyan Darakta.

Ina zaune a bayansa a ɗakin taro, inda ake ajiye ƙaramin ma'aikaci mai rubuta abin da aka tattauna. Tana maƙale a ƙeyarsa, tsakanin gefen hula da wuyan riga, girmanta bai wuce ƙwayar riɗi ba. Na san inda ya samo ta. Ranar Asabar ya kwashe mu duk ofis muka hau wani dutse a bayan Orozo, wai motsa jiki. Ciyawar damina ta kai ƙugu, shanu kuma sun riga mu bi ta wurin.

A ƙasar da na yi karatu, kafin a nuna wa ɗalibi laburare sai an nuna masa hoton kaska. Darasin gajere ne. A cire ta da wuri, a cire ta ɗungurungum. Duk kwanan da ta ƙara a jiki, haɗarin ta zuba wa mutum cuta yana ƙaruwa.

Sai dai a ofishinmu, mai mataki na takwas ba ya yi wa Darakta magana kai tsaye. Ta hannun na sama da kai ake bi. Da aka tashi daga taron na sami Mista Yamusa, mataimakin darakta.

"Oga, akwai kaska a wuyan Alhaji Sadisu."

Ya tashi ya rufe ƙofa. "Abdulmajeed, ka san abin da kake faɗa? A jikin kare ake samun kaska."

"Da akuya. Da Darakta."

"Wa kuma ya gani?"

"Ni kaɗai."

"To ka sa a rubuce."

Na rubuta layi biyu. Ya dawo mini da takardar, ya ce kalmar kaska ba ta dace da mai mataki na goma sha bakwai ba. Muka yi ta gyara har muka tsaya a kan "wani ƙaramin abu mai rai da ake zargin ya raɓi Yallaɓai." Aka buɗe fayil. Da aka tashi aiki na biya kemis na sayi matsefata mai tsinin baki, na sa a aljihu.

Ranar Talata Mista Yamusa ya ce ba zai sa hannu a kan abin da bai gani da idonsa ba. Ya shiga ofishin Darakta, ya zagaya bayansa wai zai gyara labule. Ya fito yana share gumi. Kafin azahar mutum tara sun gyara labulen nan. Kaskar ta kai ƙwayar dawa.

Aka kafa kwamiti. Wani ya ce a ɗiga mata kananzir. Wata ta ce a lafta mata basilin ta rasa numfashi. Direba ya ce a garinsu ashana ake ƙyastawa a dangwala mata a baya. Aka kafa ƙaramin kwamiti ya duba yadda za a kai wuta ƙeyar Darakta ba tare da ya lura ba.

Na ce duk ba su yi ba. In aka takura mata, tana iya amayar da abin da ke cikinta a jikin mutum, kuma shi ake gudu. Matsefata kawai ake buƙata, da hannu marar rawa.

Mista Yamusa ya ce, "Hannun wa? Ka taɓa ganin na ƙasa ya kama wuyan na sama?"

Aka duba, aka ga mutum ɗaya ne ya cancanta, wato babban sakatare, shi kuma ya yi tafiya, sai mako mai zuwa. Kwamiti ya ba da shawarar a jira shi.

Ranar Laraba kaskar ta kai ƙwayar wake. Ta yi furfura-furfura, tana sheƙi. Muna cikin taro, kowa yana kallon takardarsa, sai Madam Christina ta shigo da fulas. Ita ke dafa mana shayi. Kwana biyu ba ta zo ba, ta je biki Gwagwalada. Ba ma'aikaciyar dindindin ba ce, ba ta da mataki ko ɗaya, saboda haka babu wanda za ta bi ta hannunsa.

Ta zagaya bayan Darakta za ta ajiye kofi, ta tsaya.

"Kai! Oga, kaska ya kama ka. Ya ƙoshi ma."

 Biron Mista Yamusa ya faɗi ƙasa, bai ɗauka ba.

"Wa yake da abin cire ƙaya?" in ji ta.

Na miƙa mata matsefatar. "Madam, kar ki matse cikinta."

"Kai za ka koya mini? Akuya tara gare ni. Oga, cire hula. Sunkuya. Ƙara sunkuya."

Ya sunkuya. Ta miƙar da fatar da yatsu biyu, ta kama kaskar ta baki, dab da fata. Ba ta murɗa ba, ba ta fizga ba. Ta ja a hankali, a miƙe, har fatar ta ɗan taso. Sai kaskar ta saki. Madam Christina ta ɗaga ta wajen taga ta duba.

"Da kansa ya fito. Babu abin da ya rage."

Mista Yamusa ya cire takalmi zai murƙushe ta. Na hana shi. Na jefa ta a wata ƙaramar kwalba, na rufe, na rubuta kwanan wata, ko likita zai so gani. Madam Christina ta wanke wurin da ruwa da sabulu, ta goga sifirit, ta wanke hannunta.

Alhaji Sadisu ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Tun Lahadi nake jin abin nan," ya ce. "Darakta ba ya susa a gaban ma'aikata. Ina ta jira a kawo mini rahoto."

Na ce, "Yallaɓai, ta kwana huɗu a jiki. Gara ka ga likita yau. In ka ji zazzaɓi ko ciwon kai, ko wurin ya yi ja yana faɗi, ko bayan makonni ne, ka koma."

Bai dube ni ba. Ya dubi Mista Yamusa. Mista Yamusa ya maimaita maganata kalma bayan kalma.

"Shawara mai kyau, Yamusa," in ji Darakta.

Madam Christina tana tattara kofuna ta ce, "Oga, ba ya zuwa shi kaɗai fa. Ka duba hammata, da bayan gwiwa, da wurin mazagi. Wannan kam ba aikina ba ne."

Ta goge matsefatar da sifirit ta ajiye masa a kan tebur. Ya ɗauka ya shiga banɗakin ofishinsa. Muka miƙe tsaye, tunda ya miƙe. Bayan minti biyar muryarsa ta fito.

"Yamusa!"

"Yallaɓai!"

"Akwai wata. Hannuna ba ya kaiwa."

Mista Yamusa ya waiga. Duk ɗakin babu wanda ya fi shi kusa da matakin Darakta. Ya cire kwat, ya naɗe hannun riga, ya matso kusa da ni.

"A hankali, a miƙe?"

"A hankali, a miƙe. Kar ka murɗa."

Ya yi alamar gicciye, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya shiga.